Yadda Ake Shirin Zangon Karatu Ɗaya a Jami'ar Ƙasar Waje Daga Legas

Akwai wani irin fita karatu da iyaye da yawa a unguwanninmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba su saba jin labarinsa ba. Ɗalibi yana nan a jami'arsa ta gida, sunansa na cikin rajista, a gida yake biyan kuɗin makaranta, amma sai ya tafi wata jami'a a Jamus ko Faransa ko Turkiyya ya yi zangon karatu guda, wata huɗu zuwa shida, ya dawo da makinsa a haɗa masa da na gida, ya ƙarasa digirinsa tare da 'yan ajinsu. Wannan shi ne musayar ɗalibai, kuma yana daga cikin hanyoyi mafi sauƙin kuɗi da ɗan talaka zai ga yadda ake karatu a wata ƙasa.

Abin da ya sa na damu da batun shi ne abin da ya sami ɗan wana. Ya yi irin wannan tafiya yana aji uku, ya ci duk jarrabawar can, ya dawo da sakamako mai kyau, sai aka ce masa kwasa-kwasai biyu na dole a sashensu ba su da makwafi a cikin abin da ya karanta, kuma babu wata takarda da aka sa wa hannu kafin tafiyarsa da za ta kare shi. Shekara guda cur ya ƙara a makaranta, abokansa suka tafi bautar ƙasa yana zaune. Tun daga nan na fahimci cewa mafi yawan abin da ke gyara wannan tafiya ko ya ɓata ta, a nan Legas ake yin sa, a kan takarda, watanni kafin a ga jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wanda ke son tashi a Satumba ko Oktoba ya fara shiri tun Oktoban shekarar da ta gabata. Da "ka" zan riƙa magana, amma har da ɗalibai mata nake.

Mataki na farko: nemo ƙofar a cikin jami'arka

Kada ka fara da ejan, kada ka fara da tallan da ake turowa a WhatsApp. Musaya yarjejeniya ce tsakanin jami'a da jami'a, saboda haka ƙofarta tana cikin makarantarka. Ko a Jami'ar Legas da ke Akoka kake, ko a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ko a wata mai zaman kanta, ka nemi ofishin da ke kula da hulɗa da ƙasashen waje, ka je da ƙafarka, ka yi tambayoyi uku: waɗanne jami'o'i muke da yarjejeniyar da ke aiki da su yanzu, waɗanne sassa ta shafa, kuma a wane wata ake fitar da sanarwa. Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin sau da yawa yarjejeniyar ta tsangaya ɗaya ce kawai, ta injiniya misali, ɗan sashen tattalin arziki ba shi da rabo a ciki.

Shirin da ya fi shahara shi ne Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda tun 2015 ya buɗe wa ɗaliban ƙasashen da ba na Turai ba ƙofar zuwa musaya. A ƙarƙashinsa jami'ar da ta karɓe ka ba ta karɓar kuɗin karatu a hannunka, ana ba ka tallafin zama na Yuro 800 zuwa 900 a wata gwargwadon tsadar ƙasar, da gudummawar kuɗin jirgi bisa nisan tafiya. Jami'arka ce ke tantancewa ta miƙa sunanka, kuma babu wani ɗan tsakani da ke sayar da gurbi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka Erasmus+ ɗan damfara ne. Akwai kuma hanyar zuwa da kanka ba tare da yarjejeniya ba, inda kake biyan kuɗin zangon daga aljihunka, amma tana da tsada, kuma ita ce ta fi jefa ɗalibi cikin matsalar rashin amincewa da maki, don haka ba na ba da shawararta sai ga wanda sashensu ya amince a rubuce.

A nan ne kuma za ka zaɓi lokacin tafiya. Ajin ƙarshe bai dace ba saboda aikin bincike na kammalawa, haka ma zangon da ake fita SIWES, wato horon aiki a masana'antu, ko koyarwar gwaji. Ga mafi yawan masu digirin shekara huɗu, zango na biyu na aji biyu ko na farko na aji uku ya fi dacewa. Sannan ka ɗora kalandar can a kan ta gida. A mafi yawan jami'o'in Jamus zangon hunturu daga 1 ga Oktoba ne zuwa 31 ga Maris, na bazara kuma daga Afrilu zuwa Satumba, yayin da Faransa da Turkiyya ke buɗewa a Satumba. Namu jadawalin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ci wata takwas. Idan zangon can zai ciji rabin zango biyu na gida, ka san da haka tun yanzu, ka tambayi yadda za a yi da jarrabawar da za ta wuce ka.

Mataki na biyu: takardar kwasa-kwasai

Wannan shi ne matakin da ya kayar da ɗan wana, kuma shi ne wanda zumuɗin tafiya ke sa ɗalibai su yi wa riƙon sakainar kashi. Ka buɗe shafin jami'ar da za ka je, ka fitar da jerin kwasa-kwasan da za a koyar a ainihin zangon da za ka kasance can, ka lura da harshen da ake koyar da kowanne, domin jami'ar Jamus ko Faransa na iya koyar da digiri na biyu da Turanci alhali yawancin na digirin farko da harshen ƙasa ne. Ka buga cikakken bayanin kowane kwas: abin da ya ƙunsa mako-mako, yawan awoyi, da irin jarrabawarsa. Daga nan ka zauna da littafin sashenku ka jera su gefe da gefe, wannan na can a madadin wannan na gida.

Sai ka fahimci bambancin ma'auni. Turai tana amfani da tsarin ECTS, inda zango guda yake da maki 30, shekara 60, kuma kowane maki ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi ke yi a ɗakinsa. Namu yunit ɗin kuwa da awoyin lacca ake ƙirga shi, kuma ɗalibi yakan yi rajistar yunit 15 zuwa 24 a zango. Babu wata ƙa'ida guda da ke juya wannan zuwa wancan a duk jami'o'i, sashenku ne zai yanke. Haka sakamako: a Jamus 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 shi ne ƙarshen ci. A Faransa bisa 20 ake ba da maki, 10 ne ci, kuma wanda ya sami 15 ya yi ƙoƙari sosai. Idan jami'in jarrabawa ya ɗauki 14 bisa 20 ya yi masa lissafin kashi cikin ɗari kai tsaye, ko ya ga 1.7 ya zaci faɗuwa ce, CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na digiri, shi ne zai sha wahala. Ka nemi a faɗi yadda za a juya makin tun kafin ka tafi.

Duk wannan a rubuce za a yi shi. A tsarin Erasmus+ akwai yarjejeniyar karatu da ake kira Learning Agreement, wadda ɓangarori uku ke sa wa hannu: kai, jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. Kada ka tsaya a nan. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga magatakardar jami'a ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ka haɗa jerin kwasa-kwasan, ka nemi amsa a rubuce cewa an ba ka izinin tafiya kuma za a karɓi makin. Shugabannin sashe suna canzawa, wanda ya ce maka "je ka, ba matsala" da baki yana iya barin kujerar kafin ka dawo, magajinsa kuma takarda kawai zai duba. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka tambayi kuma ko za ka biya kuɗin makaranta ka yi rajistar zangon a gida alhali kana can, domin a mafi yawan lokuta amsar ita ce e, kuma wanda bai yi ba ana iya rubuta shi cikin waɗanda suka bar karatu ba izini. Idan wani kwas na dole ba shi da makwafi ko kaɗan, a rubuta zangon da za ka ɗauke shi bayan dawowa, a tabbatar yunit ɗinka ba za su haura iyaka ba.

Mataki na uku: fasfo da daidaita suna

Ana neman fasfo ta shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, sannan a je ɗaukar hoto da zanen yatsu a ofishin da aka zaɓa; a Legas akwai na Ikoyi da Festac da Ikeja da Alimosho. Tun daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000. Idan kana da tsoho, ka tabbata zai kai aƙalla wata shida bayan ranar dawowarka, da shafuka biyu da ba a taɓa ba.

Inda namu yaran ke tuntuɓe shi ne suna. Fasfo daga bayanan NIN yake ɗauka, kuma yaron da aka haifa a Legas sau da yawa yana da suna iri uku. Malamin firamare ya rubuta Aishat ko Hadizat ko Aminat bisa yadda aka saba a nan, gida na cewa A'isha, WAEC ta fito da wani rubutun dabam. Muhammad ya zama Mohammed a nan, Muhammed a can. Wani yana amfani da sunan mahaifi a JAMB, da sunan gari kamar Bichi ko Funtuwa a NIN. Ranar haihuwa ma haka, an sa 1 ga Janairu a wani wuri don ba a tuna ba a lokacin. Jami'in biza bai san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Ka baje takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da NIN, da sakamakon WAEC ko NECO, da takardar shiga jami'a, da sunan asusun banki a kan tabarma ɗaya ka duba su harafi-harafi. Abin da za a iya gyarawa a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara shi kafin neman fasfo, abin da ba zai gyaru ba a yi masa takardar rantsuwa a kotu. Gyaran nan yana cin makonni, wani lokaci watanni, shi ya sa na sa shi da wuri.

Mataki na huɗu: sauran takardun neman gurbi

Takardar sakamako ta jami'a, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, ka neme ta da zarar ka yanke shawara, ka kuma riƙa bibiya. Wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙar da ke tabbatar da cewa da Turanci ake koyar da kai, wasu kuma sai jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, waɗanda sakamakonsu ke aiki shekara biyu. Kada ka biya kuɗin jarrabawar sai ka ga an rubuta ana bukatarta. Ko da Turanci za ka yi karatu, wata uku na koyon gaisuwa da ciniki a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française da ke Ikoyi ko ta Jamusanci ta Goethe-Institut zai amfane ka a kasuwa da ofishin gwamnati. A wasiƙar bayyana dalili, ka ambaci kwasa-kwasan da sunansu, ka faɗi abin da za su ƙara wa aikin bincikenka na ajin ƙarshe. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa mutum yana son ganin duniya.

Mataki na biyar: maganar gida da maganar kuɗi

Kada iyaye su ji labarin bayan an fitar da sunanka. Ka same su tun farko da takarda a hannu, ka ce, "Baba, ga abin da makaranta ta fitar, ina so Kawu ya karanta maka shi, in ka amince in nema." Ga 'ya mace maganar ta fi nauyi, kuma damuwar iyaye game da masauki da abokan zama da tafiya ba muharrami damuwa ce ta gaskiya da ta cancanci amsa. Abin da na ga yana kwantar da hankali shi ne bayani dalla-dalla: sunan jami'a, ɗakin kwanan ɗalibai na mata ko hawa na mata idan akwai, masallacin da ke kusa, wani iyali sananne a garin, da ranar dawowa. Inda ake bukatar fatawa a tambayi malamin da gidan ya yarda da shi. Mai sa niƙabi ta san cewa Faransa ta haramta rufe fuska a bainar jama'a da dokar 2010, amma hijabi ba a hana shi a jami'o'inta ba, dokar 2004 makarantun gwamnati na ƙasa da jami'a ta shafa.

Game da kuɗi, ko mai tallafi yana bukatar nasa. Sau da yawa kason farko na tallafin ba ya shigowa sai ka isa, ka yi rajista, ka buɗe asusu, alhali kuɗin biza da tikiti da inshora da kuɗin ajiyar ɗaki duk sun riga sun fita. A Jamus doka ta yarda mai gida ya karɓi ajiyar da ta kai hayar wata uku, akwai kuɗin zango da kowane ɗalibi ke biya ko da karatun kyauta ne, inshorar lafiya ta ɗalibai ta haura Yuro 100 a wata, har kuɗin rediyo da talabijin na Yuro 18.36 a wata ana karɓa a kan kowane gida. Ka tanadi abin da zai riƙe ka wata biyu ba tare da tallafi ba, ka ƙara wani abu a kai saboda tashin farashin canji. Bashin NELFUND na karatu a makarantun gwamnati na cikin gida ne, kada ka sa shi a lissafin tafiya.

Shaidar kuɗi ta biza ita ce inda 'yan kasuwarmu ke shan mamaki. Alhaji yana da tirela biyu ta albasa a hanya, yana da shanu a Oko-Oba, ana bin sa bashi yana bin wasu, amma asusunsa na banki ba ya nuna komai domin dukiyar tana cikin kaya da tsabar kuɗi. Sai a ce bari a zuba miliyoyi mako guda kafin a kai takardu. Wannan zubi na dare ɗaya shi ne abin da jami'in biza ya fi zargi. Idan mahaifi ko kawu ne zai ɗauki nauyi, a fara shigar da cinikinsa ta banki wata shida kafin lokaci, a haɗa da takardar rajistar kasuwanci ta CAC da shaidar biyan haraji idan akwai, da wasiƙar ɗaukar nauyi, da takardar da ke nuna dangantaka. Jamus ta fi son asusun da ake kullewa, wanda ake zuba Yuro 992 na kowane wata a ciki, ana sakar maka shi wata-wata. Mai tallafi yana nuna takardar tallafinsa, ya cike giɓin idan bai kai ba. A 2025 Faransa tana neman shaidar Yuro 615 a wata. Adadin yana canzawa, don haka ka duba shafin ofishin jakadancin a makon da za ka nema. Kuɗin makaranta ana tura shi ta banki da Fom A, tsabar kuɗin da za ka riƙe kuma, ko a wurin ɗan uwa ɗan canji ka saya, ka karɓi rasit.

Mataki na shida: biza

Bizar Shengen ta ziyara, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Tarayyar Turai da ita, kwana 90 ce cikin 180, ba ta isa zango ba, kuma ba a mayar da ita ta karatu bayan an isa. Abin da kake nema shi ne bizar dogon zama ta ƙasar da za ka je. Ta Jamus ana nema a ƙaramin ofishin jakadancinta da ke titin Walter Carrington a Victoria Island, kuma layin samun ranar ganawa yana da tsawo, don haka ranar da takardar karɓa ta iso, ranar za ka shiga layi. Ta Faransa tana bi ta Campus France, hukumar da ke kula da masu zuwa karatu ƙasar, tukuna. Birtaniya tana barin mutum ya yi karatun da bai wuce wata shida ba da bizar ziyara, amma ba a aiki da ita ko na awa ɗaya. Abin da ya haura wata shida sai bizar ɗalibi da gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar ƙaura ta duniya, da ke Ikeja. Amurka kuwa ta tsaurara ƙa'idojinta ga 'yan Najeriya tun 2025, don haka kada ka kashe ko kwabo a kanta sai jami'ar can ta tabbatar maka a rubuce cewa ana ba da bizar a lokacin.

Ka jera takardu yadda jerin ofishin ya nuna, asali da kwafi. Kada ka yarda wani ya "gyara" maka bayanan banki ko ya ƙirƙiro wasiƙa. Takardar jabu ɗaya tana jawo haramcin shekaru, a Birtaniya har goma. A wurin ganawa ka faɗi gaskiyarka, wadda ita ce hujjarka mafi ƙarfi: kai ɗalibi ne mai rajista a Legas, saura maka zango kaza, digirinka a nan za a ba ka. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai fasfo ya dawo hannunka da biza.

Mataki na bakwai: masauki da lafiya

Ka nemi ɗakin kwanan ɗalibai a ranar da aka buɗe nema, domin a biranen jami'a na Turai ɗaki ya fi gurbin karatu wuyar samu a watan Satumba da Oktoba. Duk mai gidan da ya ce yana wata ƙasa, ka tura kuɗi ya aiko maka mabuɗi, ka rabu da shi. Ka tambayi kuma ko za a ba ka takardar da za ka yi rajistar adireshi da ita.

Katin rigakafin shawara, wato yalo kati, ana rajistarsa a intanet a karɓa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Murtala Muhammed. Yana fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka ga likitan haƙori da na ido a nan, can suna da tsada. Mai sikila ko asma ya tafi da rahoton likita da maganin da zai ishe shi, a cikin kwalinsa na asali, ya kuma san cewa sanyi yana tayar da ciwon. Idan zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko, ka gaya wa likita kai tsaye cewa daga ƙasar da ake maleriya ka zo, domin ba ita zai fara zato ba.

Mataki na takwas: kaya da ranar tashi

Kafin sayen tikiti ka duba inda jirgin zai yada zango. Fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ake nema wa bizar wucewa ta filin jirgi a ƙasashen Shengen da Birtaniya, sai wanda ke da wata bizar da ta ɗauke masa. Yawancin jiragen da ke tashi daga Legas zuwa Turai suna ba da jaka biyu masu kilo 23, amma tikiti mafi araha na iya zama jaka ɗaya.

Kilishi da dambun nama da man shanu su tsaya a gida, domin Tarayyar Turai da Birtaniya sun hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashe irin namu, za a ƙwace, ana iya cin tara. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin kunu, a ɗaure su da kyau a rubuta sunansu, a nuna idan an tambaya. Rigar sanyi ɗaya mai kauri daga gwanjon Katangowa ko Yaba ta isa ranar sauka, sauran ka saya can. Soket ɗin Jamus da Faransa da Turkiyya mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai uku, don haka ka sayi mahaɗi. Asalin takardunka da magani da kwamfuta da batirin caji su kasance a jakar hannu. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a imel, ka bar kwafi a gida. Layin wayarka da ke haɗe da banki kada ka bar shi ya mutu, ta nan lambobin sirri ke shigowa. Tsabar kuɗin da ta kai Dala 10,000 a nan, ko Yuro 10,000 a can, dole a bayyana ta ga kwastan.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne saƙo. Kada ka karɓi ƙunshin kowa da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na maƙwabci ne, ko na wanda kake jin nauyinsa. Ka ce makaranta ta hana, ka ɗora laifin a kaina idan ka so. Mun ga yadda wata ɗaliba daga Kano ta shafe watanni a tsare a Saudiyya daga ƙarshen 2018 zuwa Afrilun 2019 saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba. Ka ɗauki hoton jakunkunanka a kan sikeli, ka ƙirga takardun shaidar kaya da aka liƙa maka, su yi daidai da yawan jakarka. Ka isa filin jirgi awa huɗu kafin tashi; mazaunin Agege yana kusa, amma mai tahowa daga Ojo ko Ajah ya ƙara awa biyu saboda gosulo.

Mataki na tara: makonnin farko da dawowa

A Jamus ana rajistar adireshi a ofishin gari cikin kwana 14 da tarewa, kuma sai da ita abubuwa da yawa ke tafiya. A Faransa ana tabbatar da biza ta intanet cikin wata uku da sauka, a Turkiyya kuma ana neman izinin zama. Ka halarci makon gabatarwa gaba ɗayansa. Doka tana barin ɗalibi ya yi ɗan aiki, kwana 140 a shekara a Jamus, awa 964 a Faransa, amma a zango ɗaya da sabon harshe da sabon tsarin jarrabawa, kada ka gina kasafinka a kansa.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A Legas magariba ba ta nisa da ƙarfe bakwai saura duk shekara, amma a Balin, babban birnin Jamus, cikin Disamba rana tana fitowa bayan takwas ta faɗi kafin huɗu, sai azahar da la'asar da magariba su taru cikin awa huɗu, a tsakiyar lacca. Ka nemi ɗakin ibada na jami'a da ƙungiyar ɗalibai Musulmi a makon farko, ka duba ko wani kwas ya faɗo lokacin Juma'a tun ana iya canzawa. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. A waɗannan shekarun azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin jarrabawar zangon hunturu a wurare da yawa. Naman halal kuma a shagunan Turkawa da Larabawa ake samunsa.

Idan ka isa ka tarar an soke wani kwas ko biyu sun ci karo a jadawali, kada ka canza da kanka ka yi shiru. Ka rubuta wa shugaban sashenku imel a makonnin farko, ka haɗa bayanin sabon kwas ɗin, a gyara yarjejeniyar, ɓangarorin uku su sake sa hannu. Ka yi rajistar jarrabawa a kan lokaci, domin a jami'o'in Jamus da yawa halartar lacca dabam, rajistar jarrabawa dabam.

Kafin ka taho ka karɓi takardar shaidar kwanakin da ka yi, ka soke rajistar adireshi da inshora, ka miƙa ɗaki a gaban mai kula don a dawo maka da ajiyarka, ka kuma tambayi ranar da sakamako zai fito da adireshin da za a aika shi. Da ka sauka Legas, a makon farko ka kai sakamakon da kwafin yarjejeniyar da wasiƙar izini ga shugaban sashe da jami'in jarrabawa, a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. Daga nan ka riƙa leƙa shafinka na ɗalibi, ka riƙa komawa ofishin, har ranar da ka ga kowane kwas ya hau da makinsa daidai da yadda aka yi yarjejeniya.